Turanci da Rinin Kalma: Jawabi ga Ɗaliban Rano da Kibiya



Tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba. Marini kuwa ya san shuɗi hawa-hawa ne, tun daga mai haske har zuwa wanda ya rine ya koma baƙi. To, haka siffofin Turanci suke idan an zo maganar abin kunya ko abin firgita. Mu kuwa sai mu tsoma kome a rijiya ɗaya, mu ce "bad", mu wuce.

Mu fara da na batsa. "Suggestive" magana ce mai harshen damo, irin ta zaurance. "Risqué", wadda aka aro daga Faransanci, barkwanci ne da ya taka iyakar kunya, kamar wasan taubasai idan ya so ya zarce. "Salacious" labari ne da aka shirya don ta da sha'awa. "Lewd" ta mutumin da ya yi rashin ɗa'a a fili ce. "Obscene" ita ce ƙarshen rini, alfasha tsagwaronta.

Na firgita ma haka suke. "Gruesome" ta jini ce da gawa, kamar haɗarin mota. "Appalling" ta halin da ke sa jiki ya yi sanyi ce. "Scandalous" ta abin fallasa ce, "lurid" kuma ta ɗan jarida ce da ya cika wa labari gishiri.

Kada mu ɗauka wannan ado ne na masu son burga. A 1960 an gurfanar da kamfanin Penguin a Landan saboda littafin D. H. Lawrence, Lady Chatterley's Lover, shari'ar kuwa ta rataya ne a kan ko littafin "obscene" ne. A ƙarshe aka wanke kamfanin. A shekarar ce kuma dokar Finalkod ta fara aiki a Arewa, ita ma ta haramta ayyukan alfasha.

Gobe wani daga cikinmu zai zama tafinta a kotu a Rano, wani akawu a sakatariyar Kibiya. Idan mawaƙin biki ya yi wasa "risqué", akawu ya rubuta "obscene", to ya shafa wa bawan Allah baƙin da wanki ba ya fitarwa. Magana zarar bunu ce.

Saboda haka mu riƙi ƙamus, mu duba kowace kalma cikin jimla, mu auna ta da takwararta ta Hausa kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.