Masara a Kan Teburin Malama

Ta yaya za a koya wa yara al'adun duniya? A ganina, a ɗauki abu ɗaya, a riƙe shi zango guda. A ɗauki masara. Asalinta ƙasar Meziko ce, inda ake gasa garinta faifai-faifai. A Kenya ugali suke tuƙawa, mu kuma tuwo. Daga nan taswira ta shigo, noma ya shigo, tarihin fatauci ya shigo. Wasu za su ce ana shagaltar da yara da al'adun baƙi. A'a. Yarinyar da ta kwatanta ugali da tuwon gidansu, wurin kakarta za ta koma ta tambayi yadda ake surfe. Batun kuɗi kuwa, nawa masara take? Mu kwana nan.