Keken Ɗinki: Nemi Mai Gyara Kafin Ka Nemi Mai Sayarwa



Da yawa daga cikinmu, idan albashin farko ya zo hannu, mukan yi niyyar saya wa mahaifiya ko ƙanwa keken ɗinki. Niyya ce mai kyau, domin a ƙasa irin ta Gezawa, inda gonaki suka matsu, rani kuma yake da tsawo, keke ɗaya yana iya riƙe gida. Amma sau nawa muka shiga ɗaki muka tarar da keke an lulluɓe shi da zane, ya koma teburin ajiye kwanuka? Galibi abin da ya kashe shi bai wuce ƙoshiya ko bel ba, sai dai an rasa inda za a samo.

Saboda haka shawararmu ita ce a fara daga wurin mai gyara. Kafin ka hau mota zuwa Sabon Gari, zauna da telolin kasuwar Gezawa ko na Jogana, ka tambaye su wane keke suke takawa, wa yake gyara musu, ina kuma yake samo kayan gyara.

Akwai dalilin da ya sa baƙin keken ƙarfe ya yi ƙarko a karkara. Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, daga baya kamfaninsa ya fito da samfurin da ake kira Singer 15. A kan tsarinsa aka ƙera baƙin Butterfly na ƙasar Sin da wasu da dama, shi ya sa allura da kwarkwaron wannan sukan shiga wancan. Keke mai lantarki, mai zane iri-iri, yana da ban sha'awa a kanti, amma ran da aka ɗauke wuta, ko wani ɗan haƙorin roba ya karye ana saura mako guda Salla, tela ya rasa ciniki, ya kuma rasa amanar masu kaya.

Idan ka isa kanti, tafi da tela. A ɗinka atamfa da shadda mai ninki huɗu a gabanka, a juya a duba ɗinkin ta baya, a saurari ƙarar keken. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar keken, ka kuma ji ko mai kanti zai karɓa idan aibi ya bayyana. Wanda ya ƙi a gwada kayansa, bar masa abinsa. Araha ba ta ado.

Bayan saye, a yi amfani da man keke kawai, kada a ɗiga man gyaɗa, domin yana daskarewa ya kama ƙarfe. A riƙa share ƙurar zare, a rufe keken lokacin hunturu.

Mu da muka yi karatu da gumin manoma, wajibi ne kyautarmu ta zama jari mai ɗorewa. Allah ya sa mu dace.