Amsoshin Wasiƙunku: Ƙudan Ido da Ba Ya Koruwa

Wasiƙar yau ta fito ne daga wani dattijo mai sayar da hatsi a Ƙofar Kabuga cikin birnin Kano. Ya ce shekarunsa 58, kuma wata uku ke nan in ya dubi sama ko farin bango sai ya ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar ƙudaje, da zare-zare kamar saƙar gizo, suna yawo a gabansa. In ya kai hannu ya kore, babu komai. Wasu sun ce masa yana ce, wasu sun ce jifa ne. Yana tambaya, shin makanta ce ke tafe?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Wannan ba jifa ba ne, ba kuma yana ba ce, domin ita yana hazo take sa wa gani gaba ɗaya. Cikin ƙwayar ido cike yake da wani ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai. Idan shekaru suka ja, musamman an haura 50, sai ruwan nan ya fara tsinkewa, 'yan zaruruwan da ke cikinsa su dunƙule. Inuwarsu ce ke faɗawa a kan tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda da shi ake gani. Shi ya sa in ka juya ido su bi ka, in ka tsaya su gangara a hankali.

In dai 'yan kaɗan ne, sun daɗe, ba sa ƙaruwa, galibi ba su da illa. Bayan 'yan watanni wasu kan kwanta, sauran kuma mutum ya saba da su har ya manta. In ɗaya ya tsaya maka a tsakiya kana lissafin kuɗi, ɗaga ido sama ka sauke sau biyu ko uku, zai kauce. A cikin rana sa malafa ko baƙin tabarau, don haske ne ke fito da su. Kada a ɗiga ruwan ganye, ko nono, ko ruwan sukari, ko maganin masu talla a kasuwa. Abin yana can ciki, inda maganin ɗigawa ba ya wanke shi, sai dai a jawo wa ido gyambo. Duk da haka, Malam, tunda naka sababbi ne kuma ba a taɓa dubawa ba, je ka a duba.

Yanzu ga inda muke so kowa ya kasa kunne. Wani lokaci ruwan nan in zai janye yakan fizgi tantanin ya yage shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga ruwa ke shiga bayan tantanin ya ɓamɓare shi, kamar yadda damina ke ɓamɓare yaɓe. Alamominsa su ne: ƙudajen su ƙaru farat ɗaya kamar an watsa toka, ko ka riƙa ganin walƙiya a gefen ido alhali babu hadari, ko wani duhu ya taso daga gefe kamar ana jan labule, ko gani ya ragu kwatsam. Wanda ya ga ko ɗaya daga ciki, ya nufi asibitin ido a ranar, kada ya wuce washegari.

Mugun abin shi ne ba ya ciwo. Sai manomi ya ce bari in gama girbi, ɗan kasuwa ya ce bari kasuwa ta ci tukuna. Tsagar da aka kama da wuri, da hasken leza likita ke liƙe ta, ka koma gida a ranar. In tantanin ya riga ya ɓamɓaru sai babbar tiyata da kuɗi mai yawa, kuma in an makara ganin ba ya dawowa yadda yake.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu ciwon sukari, da masu hawan jini, da masu sikila, da waɗanda ba sa hangen nesa sai da tabarau, da wanda aka yi wa aikin yana, da wanda ya taɓa buguwa a ido, ko da ƙahon sa ne ko a fagen dambe.

Mutanen Gwarzo da Kabo da Rimin Gado, in kun iso Kabuga kun kusa. Akwai sashen ido a asibitin Murtala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ga asibitin ido na Makka, ga na ECWA a Sabon Gari da ke aiki tun 1943. A gaya wa ma'aikata alamomin tun daga bakin ƙofa, don kada a ba ka rana mai nisa. Za a ɗiga maganin buɗe ido a leƙa ciki, gani zai yi dishi-dishi na 'yan sa'o'i, saboda haka a tafi da ɗan rakiya, kada a tuƙa babur.

A ƙarshe, kowace safiya rufe ido ɗaya da tafin hannu ka dubi ƙofar ɗakinka, sannan ka sauya. Da yawa ba sa sanin ido ɗaya ya tafi, don ɗan'uwansa na rufa masa asiri.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya bar mu da ganinmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.