Araha Ba Ta Ado: Ɗalibi da Layin Wayarsa a Alƙahira

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a zaman tarbar sababbin zuwa.



 Da aka ce in yi magana a kan layin waya, wani abokina dariya ya yi. Ya ce duk batutuwan da ke damun ɗalibi a Masar, an rasa abin da za a ba ni sai kati da data? Na ce masa, to kai ranar da ka sauka a filin jirgin Alƙahira, mene ne abu na farko da ka nema? Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Hanyar da zan gaya wa Hajiya na iso lafiya." Na ce to ka ba kanka amsa.

Bari in fara da kaina, don kada ku ce na zo yi wa wani gori. Watan da na zo, a Hayyul Ashir na sauka. Wani ɗan uwa da ya kammala karatu zai koma gida ya miƙo mini layinsa, ya ce in riƙe, ba sai na je ofis na bi dogon layi ba. Na yi ta godiya, ina ganin na samu banza. Na yi kusan shekara biyu da shi. Shi na ba gida, shi na rubuta a takardun makaranta, shi mai gidan haya ya sani. Akwai asusun kuɗi na waya da ɗan uwan nan ya buɗe a kansa, ni ma na ci gaba da amfani da shi. Wata safiya na tashi, layi ya mutu, kuma a daren jiya aka turo mini kuɗin haya a ciki. Na garzaya ofishin kamfanin. Ma'aikaciyar ta karɓi fasfona, ta duba kwamfuta, ta ce wannan layi ba sunanka ba ne, sai dai mai shi ya zo da kansa. Mai shi kuwa yana can ƙauyensu a Katsina, har ya yi aure. Sai da ƴan ɗakinmu suka yi mini karo-karo na biya haya. Ban ga laifin matar nan ba, ƙa'ida ta bi. Layin kyauta shi ne layi mafi tsada da na taɓa riƙewa.

Abin da na zo faɗa kenan yau, in aka taƙaice: layin araha na gaskiya shi ne wanda yake da sunanka, wanda ka san lissafinsa, wanda kuma ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa in an cuce ka. Sauran duk talla ne.

Da farko mu san su wa muke hulɗa da su. Kamfanonin layin hannu huɗu ne a ƙasar nan. Akwai Orange, mai lambar 012, wanda ya fara a 1998 da sunan Mobinil, aka sauya masa suna a 2016. Har yau za ka ji dattawan Misrawa suna cewa Mobinil. Akwai Vodafone, mai 010, shi ma a 1998 ya fara da sunan Click, kuma shi ya fi yawan masu amfani. A 2007 Etisalat ya shigo da 011, yanzu za ku ga shagunansa da tambarin e&. Autansu shi ne WE, mai 015, na kamfanin sadarwar gwamnati Telecom Egypt, wanda ya fara a 2017. Ku lura, sun riga mu da shekara uku, don a Najeriya sai a watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki.

Kusan dukkanmu tsarin "biya kafin ka yi amfani" muke bi, kamar yadda muka saba a gida. Sai dai akwai kalmomi huɗu da sabon zuwa ya kamata ya haddace tun kafin ya haddace hanyar Darrasa. "Khaɗ" shi ne layi. "Shahan" shi ne loda kati. "Rasid" shi ne kuɗin da ya shiga wayarka. "Baƙa" kuma ita ce ƙunshin mintuna da data na wata ko na mako. Tsakanin shahan da rasid, a nan ɗalibai da yawa suke faɗawa rami.

A gida in ka sa katin naira ɗari, naira ɗari za ka gani. A nan ba haka ba ne. Tun 2017, in ka loda fam 100, fam 70 ne zai shiga a matsayin rasid, sauran ya tafi wajen haraji da kuɗin hidima. Wannan haka yake a duk kamfanonin huɗu, ba wanda ya sace maka komai. To amma farashin baƙa da kake gani a allon talla, sau da yawa da rasid aka lissafa shi. Kenan baƙar da aka rubuta fam 70, fam 100 za ka fitar daga aljihu. Wadda aka rubuta 140, ka tanadi 200. Dabarar mai sauƙi ce: ka ninka farashin sau 10, ka raba da 7, abin da ya fito shi ne gaskiyar kuɗin. Kafin ka biya kuma ka tambayi mai shago, wannan farashin da haraji ne ko ba haraji? Matambayi ba ya ɓata.

Abu na biyu a lissafi shi ne yadda ake ƙidaya abin da ka saya. Wasu tsare-tsaren, irin su Flex na Vodafone, ba sa ba ka mintuna daban da data daban. Raka'o'i ake ba ka a dunƙule, kira ya ci daga ciki, intanet ya ci daga ciki, kuma kiran layin wani kamfani ya fi cin raka'a fiye da kiran ɗan gida. Don haka kafin ka zaɓi kamfani, duba mutum biyar da ka fi kira a garin nan, ka ga layin da suke riƙe da shi. Sannan ka gwada ƙarfin sabis a ɗakin da kake kwana, ba a bakin titi ba. Layin da yake gudu kamar iska a Madinatul Bu'us yana iya zama kurma a hawa na ƙasa a wani lungu na Hayyus Sabi'i. Ari wayar maƙwabcinka minti biyu ka gani. Ba wani kamfani da zan tsaya nan in ce muku shi ne gwani a ko'ina, don wallahi kowanne yana da unguwar da yake jin kunya.

Sai ƙananan ɓeraye masu cin rasid a ɓoye. Akwai katin fakka, na ƴan canji, mai daɗin saye amma kwanakinsa kaɗan ne, in ka tara na wata za ka tarar ya fi baƙa tsada. Akwai bashin kati da suke kira "sallifni", wanda ake cirewa da ƙari ranar da ka loda. Akwai kuma hidimomin nishaɗi, waƙar jiran kira da labaran ƙwallo da wasanni, waɗanda yatsa ke dannawa bisa kuskure, su riƙa zarar kuɗi kullum. Maganin wannan na ƙarshen yana hannunka: danna *155# a kowane layi, za ka ga abin da aka yi maka rajista, ka soke shi nan take. Ku rubuta lambar nan yanzu, ina jiran ku.

Kada mu manta kuɗin ƙasar ma ba a tsaye yake ba. A watan Maris na 2024 aka saki fam, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, kuma a shekarar sau biyu aka ƙara kuɗin baƙa. A gida ma hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Wato mai turo maka kuɗi ana matsa masa, kai ma ana matsa maka. Wanda bai iya lissafin data ba, to daga kuɗin ful da ɗa'amiyya zai biya.

Yanzu mu zo kan wayar kanta. Tun daga 1 ga Janairun 2025 Masar ta kawo sabon tsari a kan wayoyin da ake shigowa da su daga waje. Wayar da ba a biya mata kuɗin kwastan ba, tana da kwana 90 daga ranar da aka fara sa mata layin Masar. In wa'adin ya cika, sai ta daina kama sabis na kowane kamfani a ƙasar, ta koma sai da Wi-Fi. Kuɗin da aka sanar a lokacin shi ne kashi 38.5 cikin 100 na darajar wayar, wato wayar da aka ƙiyasta fam 10,000 za ta biya fam 3,850. Akwai manhaja mai suna Telephony da aka yi domin wannan. Ka danna *#06# lambar IMEI ta wayarka za ta fito, ka saka ta a manhajar, za ta gaya maka ko akwai bashi a kan wayar. Mai layi biyu lamba biyu gare ta, ka duba duka. Game da sassauci ga matafiyi kuwa, kada ka dogara da labarin wanda ya zo bara, ka tambayi jami'an kwastan tun kana filin jirgi.

Wannan ya shafi masu sayen ta hannu fiye da kowa. Za ka je Shari'u Abdul'aziz a Ataba, ko Sarraj Mall a Madinat Nasr, ka ga waya fes, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Tana aiki a gabanka, ka biya, bayan wata biyu ta yi shiru. Wanda ya saba da Farm Centre a Kano ya san ba a sayen waya sai an gwada caji da kyamara da lasifika. To a nan ka ƙara gwaji na huɗu, wato Telephony, a gaban mai shago, kafin kuɗi ya bar hannunka. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI. Kuma ku sani yanzu ana haɗa wayoyi a cikin ƙasar, Samsung na da masana'anta a Bani Suwaif, wasu kamfanonin Sin ma sun buɗe nasu. Irin waɗannan ba su da wannan matsala, ga kuma garanti. Sau da yawa sabuwa matsakaiciya ta fi tsohuwa mai babban suna kwanciyar hankali.

To in an yi maka ba daidai ba fa? Mu baƙi muna da wata ɗabi'a, sai mu ce a bar wa Allah, ƙasar mutane ce. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ai ƙofar ƙorafi su da kansu suka buɗe ta. Akwai hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NTRA, wadda aka kafa a 2003. Ka fara kai kukanka ga kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi ka ajiye. In ba a share maka hawaye ba, ka kira 155, ko ka shigar ta manhajar My NTRA. Hukumar tana fitar da rahoton ƙorafe-ƙorafe da na ingancin sabis lokaci-lokaci, tana kuma cin kamfanoni tara. Akwai ma damar ƙaura daga kamfani zuwa kamfani da lambarka, shi ya sa 010 ko 012 ba kullum suke nuna gidan da layi yake ba. Amma duk waɗannan ƙofofi mabuɗinsu ɗaya ne, layi ya zama da sunanka. Wanda yake riƙe da layin wani ba shi da bakin magana, kamar yadda ni na rasa ranar nan.

Don haka ƙannena, ku je ofishin kamfani da fasfo, ku yi rajista da kanku. Kada ku sayi layi a hannun mai talla a bakin tashar metro. Layin baƙo yana tafiya ne da takardar zamansa, saboda haka ranar da ka karɓo sabuwar iƙama, ka biya ta ofishin layinka a sabunta bayananka kafin a rufe. Haka kuma kada ka ba kowa fasfonka ya cire layi, ko da ɗan garinku ne. Duk abin da aka aikata da layin nan, ƙofarka za a zo.

Sauran abu biyu in zauna. Na farko, wanda ya samu hali ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban, da ɗan kuɗi a hannu. Waɗanda suke nan ranar 7 ga Yulin 2025 sun ga abin da ya faru da gobara ta tashi a babbar cibiyar sadarwa ta Ramsis. Ma'aikata huɗu suka rasu, Allah ya jiƙansu, kira da intanet da hidimomin banki suka rikice a wurare da dama. A ranar, wanda duk dukiyarsa ke cikin waya ya ga ta kansa. Ka haddace lambar mutum biyu a ka, ɗaya a nan, ɗaya a gida.

Na biyu, layinka na gida kada ka jefa shi a akwati ka manta. Shi ne a jikin BVN da NIN ɗinka, ta nan banki ke turo lambar sirri. A Najeriya layin da ya yi wata shida ba motsi ana iya katse shi, daga baya a sayar wa wani, saƙon bankinka ya koma hannun wanda ba ka sani ba. Ka riƙa loda masa ɗan kati kana amfani da shi jifa-jifa, ko ka biya tsarin ajiye lamba in kamfaninka yana da shi. Ƴan uwanmu na Nijar, masu Airtel da Moov da Zamani, ku ma ku tambayi ƙa'idar naku kafin ku dawo daga hutu.

Ina roƙon shugabanni alfarma ɗaya. Duk sabon ɗalibin da aka tarbo, a cikin makonsa na farko a samu babba ɗaya ya raka shi ofishin kamfani, ya tsaya har a buga sunansa a kan layi, ya duba masa wayarsa a Telephony. Aikin awa ɗaya ne. Mu kuma masu shirin komawa gida, kyautar littattafai da bargo da tukunya duk mun yarda, amma layi kada a bar wa kowa gado sai an je an sauya suna.

Allah ya ba mu abin da muka zo nema, ya mai da mu gida lafiya.