Tattarawa da Kaurarawa: Kalmomi Biyu na Turanci da Suke Rikita Mu



Abin da ya tara mu a yammacin nan kalmomi ne guda biyu na Turanci, watau concentrate da condense, waɗanda muka taso muna jinsu tun muna sakandare, amma da wuya a sami wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko ma'anarsu ɗaya ce. Yawancinmu mun fara jin ta farko ne daga bakin malami mai bulala a hannu, yana umurtarmu da mu mai da hankali. Ta biyu kuwa a jikin gwangwanin madara muka fara ganinta.

Dukansu daga harshen Latin suka fito, kuma dukansu sun soma da con, ma'ana "tare". Daga nan suka raba hanya. Concentrate tana ɗauke da centrum, watau tsakiya, wadda Romawa suka aro daga kentron ta Girkawa: tsinken da ake tsikarar shanu da shi, daga baya kuma tsinin da ake kafawa a takarda in za a zana da'ira. Ashe aikinta shi ne komo da abin da ya warwatsu zuwa wuri guda. Ɗalibi ya tattaro hankalinsa, janar ya tattaro dakarunsa. Amma tattarawar nan takan zo da zubar da abin da ba a bukata. Masu haƙar kuza a Jos sukan wanke ƙasa, ruwa ya tafi da yashi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta, kuma abin da ya kwanta ɗin nan shi Turawan ma'adinai suka kira concentrate. Haka nan a ɗakin gwajin kimiyya, acid ɗin da aka ce concentrated ne shi ne wanda ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai a cikinsa, shi ya sa aka yi ta jan kunnenmu da a zuba shi cikin ruwa, kada a zuba ruwa cikinsa.

Condense kuwa daga densus take, abu mai kauri, cunkusasshe. Dubi murfin tukunyar tuwo in an ɗaga shi, ko raɓa a kan ciyawa da asuba. Tururi ne ya sami sanyi ya koma ruwa. Ba a zubar da komai ba, wurin da ya ci ne kawai ya ragu, gama tururi yakan ci wurin da ya ninka na ruwansa fiye da sau 1,600. Kwandansar da kanikawa suke canja mana a tsohuwar mota ma daga wannan kalma take.

To, madara fa? Lalle ne mu yarda cewa a nan Turanci ya ɗan haɗa kafa. Wani Ba'amurke, Gail Borden, ya sami takardar mallakar dabararsa a 1856, kuma dabarar ita ce a janye ruwa daga madara har ta yi kauri. A wurin malamin kimiyya wannan concentrating ne, amma kasuwa ta ce condensed, sunan ya zauna. A yau in an ce condensed ana nufin mai sukari, mai danƙo, marar sukari kuwa evaporated ake ce mata.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne rubutu. Da yawa daga cikinmu ofis za mu shiga, wasu ma sun riga sun shiga. Rana za ta zo da Babban Sakatare zai turo fayil mai shafi 40, ya rubuta a kai da jan biro cewa a yi condensing ɗinsa zuwa shafi biyu kafin gobe. Ba cewa ya yi a yanke ba. Yankewa ita ce abridge, a cire babi a bar babi. Abin da yake so shi ne rahoton nan dukansa, hujjarsa da kuɗin da za a kashe da ƙorafin mutanen ƙauyen da za a tasa, amma cikin 'yan kalmomi, kamar tururin da ya koma ruwa. Ma'aikacin da ya kwafe shafukan farko ya watsar da na ƙarshe, inda galibi ake ɓoye matsaloli, ya sa maigidansa sa hannu a kan abin da bai gani ba. Kuskuren nan shi ne ya ka da da yawa daga abokanmu a tambayar taƙaitawa ta jarrabawar Turanci: suka ɗebo jimlolin marubuci suka jera, alhali an ce su faɗi manufarsa da bakinsu.

Sai abu ɗaya mai nauyi da ba ma so mu tashi ba mu ambata ba. Kalmar nan ta malamin aji ita ce a cikin concentration camp. A 1896 Janar Weyler na Spaniya ya tattara mutanen karkarar Kuba a garuruwa masu tsaro, aka kira abin reconcentración. A yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 Ingilishi suka yi irin haka, mata da yaran Bowa fiye da 26,000 suka mutu saboda cuta da yunwa, ban da dubban baƙar fata da suka halaka a sansanonin da aka ware musu. A 1933 kuma 'yan Nazi suka buɗe Dachau. Sunan Turancin bai ce komai ba sai "an tara mutane". Masu fassara labarai na gidajen rediyonmu ba su bi shi ba, suka ce sansanin gwale-gwale, kuma a ganinmu sun fi masu harshen faɗin abin da aka yi a ciki.

Shugaba, a nan za mu dakata don masu tambaya.