Ƙohwar cikin ɗaki in ta yi ƙasa: yadda za a gyara ta

  

Yau ba maganar takin zamani ta kawo ni ba. Maganar ƙohwa ce. Na ga wasu sun yi dariya. To, wanda bai taɓa buga goshi ga ƙohwar ɗaki ba, shi ɗaga hannu mu gani. Kun gani, babu.

Kun san abin da damanar 2020 ta yi, kun san na 2024 da ya hi shi. Ruwa ya kada gidajen ƙasa masu yawa cikin Nijar. Mu da ke zaune cikin Dallol Mawri mun san inda ruwa ke kwana. Tun daga nan mutane sunka shiga gyaran gidaje. Daga Matankari har Kore Mai Ruwa da Gecheme, inda duk na bi, aikin guda ne: a zuba jan ƙasa cikin ɗaki don shi ɗara tsakar gida tudu, a yi daɓen siminti, a sa ƙyauren ƙarhe. Wanga dabara ce mai kyau. Amma akwai abin da ake mancewa. In ƙasan ɗaki ya hau, kan ƙohwa ba ya hawa tare da shi.

Ku ɗauko allunanku mu yi lissahi. Ƙohwa tana da tsawon santimetir 190. An zuba jan ƙasa santimetir 20. An yi daɓe santimetir 5. Nawa ya tahi? 25. A ɗebe 25 cikin 190, saura 165. Namiji mai tsawon santimetir 175 ba ya wucewa sai ya duƙa.

Wani zai ce: Malam, ai kakanninmu da duƙe suke shiga ɗaki. Gaskiya ne. Amma ƙohwar bukka waje take, ido na ganin ta, jiki ya saba da ita. Wadda nake magana ita ce ta ciki, wadda ke tsakanin ɗakin zama da ɗakin kwana. Wurin da duhu, kuma jiki bai saba da sabon tsawonta ba. A gidanmu anka yi haka. Magini ya gama daɓe, munka biya shi, kowa na murna. Kwana ukku, tsohuwata ta tashi alwalar asuba, ta bugi iccen kan ƙohwa, ta hwaɗi zaune. Sai da anka yi mata ɗunki a likita. Ba magini kaɗai ke da laihi ba. Ni da ke koya wa mutane lissahi, ban ɗauki metir na auna ba.

Ku tuna da mai ciki da za a hiddo da dare a kai ta gidan haihuwa. Ku tuna da gadon amarya da kabad ɗinta.

To, ina gyara?

Da hwarko a duba ƙasa kahin a duba bisa. Ƙohwar ciki da yawa tana da dokin ƙohwa, alhali ruwan sama ba ya zuwa wurin. In an sare shi, ana samun santimetir 10 ko hiye, ba a taɓa bango ba. Amma ku ji da kyau: ta ciki na ce. Dokin ƙohwar waje shi ke tare ruwa, kada a taɓa shi. Haka kuma in ba a riga an zuba siminti ba, ana iya rage cikon kaɗan, muddin ɗaki bai koma ƙasa da tsakar gida ba.

In wanga bai isa ba, sai a ɗaga kan ƙohwa. Nan ne hatsari yake, nan zan daɗe.

Iccen nan da ke gicciye bisa ƙohwa, wanda magina ke ce ma lanto, ba ado ba ne. Tubalin da ke bisanshi duka shi ke ɗauke da su. Sau da yawa bangon tsakiya shi ne azarar ruhi ke kwance a kai, ga kuma ƙasar da anka zuba bisa soro. Mutum shi ɗauki gatari shi sassaƙe lanto don kai shi wuce, ko shi zare shi gaba ɗaya shi ce yanzu zan maida wani, wannan yana kiran soro bisa kanshi ne. Bangon ƙasa ba ya yin kashedi.

Ga yadda magini mai hankali ke yi. Aikin rani ne, lokacin da bango ya bushe sarai. A hidda yara da kaya daga ɗakunan biyu. In gidan da wutar lantarki, a kashe ta, don waya na iya bi cikin bango. Sa'an nan a ɗaga kai a duba: azara nawa ke kwance bisa wurin ƙohwa? Kowace a tokare ta da icce mai ƙwari, ta ɗakin nan da ta ɗakin can. A sa katako ƙarƙashin iccen tokara don kada shi nutse cikin ƙasa.

Bayan haka a auna daga bisan daɓe, a shata inda sabon lanto zai zauna. Ku nemi metir 2 cikakku tsakanin daɓe da ƙarƙashin lanto, da ɗan ƙari saboda ƙarhen da ke riƙe ƙyaure. A duba abin da ya rage tsakanin sabon lanto da azara. In bai kai jerin tubali biyu ko ukku ba, a dakata. Ɗakin ne gajere, gyaranshi sai ranar da za a sake ruhi.

In da wuri, sai a ƙwaƙule bango ta gehe guda, rabin kaurinshi kawai. A sa sabon lanto na hwarko, a cusa laka da gutsattsarin tubali bisanshi har shi matse. A bar shi shi bushe. Sa'an nan a zagaya ɗaya gehen, a yi haka nan da lanto na biyu. Duk wanga lokaci tsohon lanto yana wurinshi, yana aikinshi. Sai sababbin biyu sun ɗauki kaya, kana a zare tsohon, a ɗebe tubalin da ke tsakani ɗaya bayan ɗaya, da hannu, ba da dukan guduma ba. Iccen tokara shi ne na ƙarshen hita.

Kada a yi rowar tsawon lanto. Laka ba ta da ƙarhin siminti, tana marmashewa in nauyi ya taru wuri guda. Lanto shi shiga bango santimetir 30 ta dama, 30 ta hagu. Ƙohwa mai hwaɗin santimetir 80, lantonta 140 ke nan. Ku rubuta: 30 da 80 da 30.

Wane icce? Kowa ya san babu kamar azarar giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma giginyar Dallol Mawri, wadda ta hi yawa can wajen Gaya, icce ne da doka ta kare. Ba a sare ta sai da takardar ma'aikatan gandun daji. Tsohuwar azara mai lahiya daga ɗakin da ya hwaɗi tana yi. A ƙwanƙwasa ta, in ta yi amon ganga, gara ta gama da cikinta. Ɗanyen icce kuwa yana lanƙwasa in ya bushe, ya matse ƙyaure.

Mai hali shi yi na kankare. A zuba shi a ƙasa cikin akwatin katako: awo 1 na siminti, 2 na rairai, 3 na tsakuwa, da sandunan ƙarhe ta wajen ƙasa. A yi alama, don kada a kihe shi wajen ɗorawa. Ƙarhen ƙasa yake zama. A riƙa ba shi ruwa kullum har kwana 7, a ruhe shi da buhu saboda rana. Kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarhinshi. Yana da nauyi ƙwarai, ba aikin mutum guda ba ne.

Saura mai walda. Kada ku sayi ƙyaure a kasuwar Dogon Dutsi don ya yi muku kyau, ku zo kuna sarar bango don shi shiga. A gama daɓe, a auna tsawo da hwaɗi, a rubuta ga takarda, a kai mishi. Da can igiya muke ƙullawa, igiya ko tana miƙewa bisa hanya.

Wanda bai hwara gini ba tukuna, nashi da sauƙi. Ku zauna da magini tun ranar hwarko, ku shata bisa bango inda daɓe zai tsaya, a auna ƙohwa daga nan.

Ga aikin gida. Akwai metir wurin malaminku. Kowa shi are shi, shi auna ƙohohin cikin gidanshi, shi rubuta lambobin cikin littahinshi. Mata ma haka, ku kuka hi kowa bin ƙohohin nan da kaya bisa kai. Ranar karatu mai zuwa ku kawo, mu duba tare. Yanzu mai tambaya shi yi.