Yadda Fatake Suka Zama Masu Mulki: Daga Indiya Zuwa Bakin Kwara



An nemi in yi magana a kan tarihin Turawan Ingila da hulɗarsu da ƙasashen waje. To, wannan kogi ne mai faɗi, ba a ƙetare shi da yamma ɗaya. Saboda haka zan ɗauki abu guda in tsaya a kansa, watau yadda ɗan tsibirin nan ya mallaki ƙasashen da suka fi shi girma nesa ba kusa ba. Galibinmu mun ɗauka soja ne ya fara zuwa. A wurare da yawa kuwa ɗan kasuwa ne ya riga kowa, da sikelinsa da littafin lissafinsa, sa'an nan bindiga ta biyo shi, tuta ta zo daga ƙarshe. Tun da yake yawancin waɗanda ke zaune a nan fatauci ne ya kawo su kudu, ko su ko iyayensu, ina ganin wannan labari zai yi musu amfani.

A ranar 31 ga Disamba, 1600, Sarauniya Elizabeth ta Farko ta ba waɗansu attajiran Landan takardar izini, cewa su kaɗai ne daga Ingila za su yi ciniki da ƙasashen gabas. Wannan shi ne asalin Kamfanin Gabashin Indiya. Abin da suka fita nema shi ne masoro da kanumfari da sauran kayan yaji, daga baya kuma tufafin auduga da siliki da ganyen shayi. A lokacin nan Indiya tana ƙarƙashin sarakunan Mugal, masu dukiya da rundunar da Ingila ba ta da kamarta. Turawan sun shiga ne da ladabi irin na baƙo. Suka roƙi wurin ajiye kaya a Surat, aka ba su a 1613. Suka sami Madras a 1639. Bombai kuwa Sarkin Ingila ne ya ba su hayarta a 1668, a kan fam 10 kacal a shekara. A 1690 suka kafa zango a Kalkata. Shekara 150 suna saye da sayarwa, suna biyan kuɗin fito, suna kai gaisuwa fada.

Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan rasuwar Sarki Aurangzeb a 1707 daular Mugal ta soma rauni, hakimai suka zama kowa gashin kansa yake ci. A 1757 rikici ya haɗa kamfani da Siraj ud-Daula, mai mulkin Bengal, lardin da ya fi kowane arziki. Aka gamu a Filasi ranar 23 ga Yuni. Robert Clive, wanda ya fara aiki da kamfani a matsayin akawu, yana da mutum wajen 3,000, mai Bengal kuwa yana da wajen 50,000. Duk da haka Clive ne ya yi galaba, domin tun kafin a ja daga ya riga ya ƙulla yarjejeniya da Mir Jafar, ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙin Bengal, da waɗansu manyan masu ba da rance na ƙasar. Ana yaƙi, Mir Jafar ya tsaya da rundunarsa yana kallo. Aka ba shi sarauta, shi kuma ya buɗe wa kamfani baitulmali. Clive shi kaɗai ya tashi da fam 234,000.

Shekara takwas bayan haka, a 1765, Sarkin Mugal Shah Alam ya sa hannu a Allahabad, ya miƙa wa kamfani ikon karɓar harajin Bengal da Bihar da Orissa. Ina so 'yan'uwa su lura da wannan wuri, gama nan ne ƙashin bayan maganata. A dā kamfani yakan ɗauko azurfa daga Ingila ya sayi tufafin Indiya. Daga ranar da haraji ya shiga hannunsa, sai ya riƙa sayen kayan Indiya da kuɗin mutanen Indiya. Ku kwatanta da baƙon da ya sauka a gidanka, ya karɓi mabuɗin rumbunka, ya auni hatsinka, ya biya ka da kuɗin da ya ciro daga aljihunka. Da yunwa ta afka wa Bengal a 1770, miliyoyin mutane suka halaka, amma karɓar haraji bai tsaya ba.

Masu cewa Ingila ta yi arziki ne domin ta bar kasuwa a buɗe, sai su dubi abin da ya faru da masaƙa. Tufafin Indiya sun fi na Ingila kyau da araha, har masaƙan Ingila suka yi kuka. Majalisar Ingila ta yi doka a 1700, ta sake yin wata a 1721, ta hana shigo da yawancin tufafin auduga masu zane, ta kuma hana sa su. A bayan wannan katanga ne masana'antun Mancesta suka yi ƙarfi. Da injuna suka kankama, har tufafinsu suka fi na kowa araha, sai Ingila ta juya tana wa'azin a buɗe kasuwanni. A 1813 aka janye babakeren da kamfani yake yi a cinikin Indiya, yadin Mancesta ya kwarara can, ƙasar da ta saba tufatar da duniya ta koma mai sayar da ɗanyen auduga.

Haka kuma aka yi da ƙasar Sin. Ingila tana son shayi, Sinawa kuwa ba su da bukatar kayan Ingila. Sai aka riƙa noma ofiyam a Indiya, watau wani abin maye mai kama mutum ya kasa bari, ana shigar da shi Sin a ɓoye. Da hukumar Sin ta ƙwace akwati fiye da 20,000 ta lalata a 1839, Ingila ta aika da jiragen yaƙi. A 1842 aka tilasta wa Sin ta buɗe tashoshin jiragen ruwa biyar, ta biya diyya, ta kuma ba da tsibirin Hong Kong, wanda bai koma hannunta ba sai 1997. A Indiya kuwa, bayan babban tawayen 1857, gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga kamfani a 1858. Ɗan kasuwa ya share gona, sarauniya ta zo ta girbe.

Yanzu sai mu dawo gida, domin abin da aka gwada a Indiya shi aka maimaita a bakin Kwara. Ingila ta daɗe tana kan gaba wajen jigilar bayi daga gaɓar tekun nan, attajiran Libaful da Biristol sun yi ƙiba da shi. A 1807 ta haramta cinikin, a 1833 ta yi dokar 'yanta bayi a ƙasashen da take mulki. Akwai mutanen kirki a Ingila da suka yi shekaru suna fafutukar wannan, bai kamata a tauye musu haƙƙinsu ba. Amma diyyar fam miliyan 20 da aka biya, iyayen gijin bayi aka ba, bayin ba su sami ko anini ba. A daidai wannan zamani masana'antun Ingila suna neman manja domin sabulu da kyandir da shafa wa injuna, saboda haka jiragen da suka saba ɗaukar mutane suka koma ɗaukar ganguna.

Ikkon nan da da yawa daga cikinmu suke neman abinci a cikinta, ta wannan hanya ta tafi. Gidan sarauta ya rabu biyu tsakanin Kosoko da Akitoye. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan igwa da hujjar hana cinikin bayi, suka kori Kosoko, suka naɗa Akitoye. Bayan shekara goma, a 1861, aka sa ɗansa Dosunmu ya sa hannu ya ba da garin ɗungum.

A kan kogin Kwara kuwa, wani tsohon hafsan soja mai suna George Goldie ya ga kamfanonin Ingila suna gasa da juna, abin da ya sa masu manja suke samun farashi mai kyau. A 1879 ya haɗe su wuri ɗaya, a 1884 ya saye kamfanonin Faransa da ke kogin. Da aka zauna taron Balin a 1884 zuwa 1885, Ingila ta nuna cewa 'yan kasuwarta ne kaɗai a Kwara, aka bar mata. A 1886 aka ba Goldie takardar izini irin ta Indiya, Kamfanin Neja ya sami ikon yin doka, da karɓar kuɗin fito, da riƙe soja. Hedkwatar mulkinsa tana Asaba, babban sitonsa yana Akasa a bakin teku, yana kuma da sansani a Lakwaja. Takardar ta hana shi yin babakere, amma ya bi ta bayan gida, ya ɗora lasin da haraji masu nauyin da ba mai iya ɗauka sai shi.

Waɗanda abin ya fi ƙona su ne mutanen Nembe. Tun kaka da kakanni suke hawa kogi da kwalekwale suna sayen manja, sai ga shi an wayi gari ana kiransu baƙi a kasuwanninsu, wanda ya shiga ba lasin a ce ɗan fasa-ƙwauri ne. A Janairun 1895 Sarki Koko ya tara jiragensa ya afka wa Akasa, sojan ruwan Ingila kuma suka rama a kan Nembe. Kafin wannan an riga an kama Jaja na Opobo a 1887 an kai shi gudun hijira, an kuma rushe ƙarfin Nana na Itsekiri a 1894. Laifinsu ɗaya ne, sun tsaya tsakanin Bature da mai kaya, suna da bakin faɗa a kan farashi.

Shekara biyu bayan Akasa, a farkon 1897, wannan kamfani dai shi ne ya ci Bida, ya wuce ya ci Ilori. Tun 1885 wakilinsa Joseph Thomson ya je Sakkwato da Gwandu ya komo da takardu. A wurin Sarkin Musulmi izinin ciniki ne aka ba baƙo, a Turai kuwa aka nuna su a matsayin shaidar mallakar ƙasa. Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Kamar yadda yawancin sojan Clive 'yan Indiya ne, haka yawancin waɗanda suka riƙe wa kamfani bindiga 'yan ƙasar nan ne, Hausawa kuwa suna da yawa a ciki. Tun 1863 John Glover ya soma ɗaukar Hausawan da suka kuɓuta daga bauta aikin soja a Ikko.

Ranar 1 ga Janairu, 1900, gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga kamfani, Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja. Aka biya kamfani fam 865,000, aka kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin da za a samu daga ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, aka haɗe Kudu da Arewa a 1914. Kamfanin kuwa ya ajiye sarauta ya riƙe kanti. A 1920 masu sabulun nan na Lever suka saye shi, a 1929 ya shiga cikin haɗakar da ta zama UAC.

Kada a ɗauka kakanninmu sun zauna ne kurum ana juya su. Masu masaƙun Mancesta sun kafa ƙungiyar noman auduga a 1902, suna sa ran reluwe zai kwaso musu audugar ƙasar Hausa. Dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Amma manomi ya yi lissafinsa. Masaƙan gida sun fi Bature biyan auduga da daraja, gyada kuwa ta fi kawo kuɗi, in kuma kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Fataken goro, waɗanda suka san hanyar Gwanja kuma suka san kowane ƙauye, su ne suka zama masu sayenta, Alhaji Alhassan Ɗantata ya zama babbansu. Jirgin da aka shirya wa auduga sai ya ɓuge da ɗaukar gyada. Sai dai kuma farashin ƙarshe a Ingila ake yanke shi. Hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa, ta koko a 1947, ta gyada da ta auduga da ta manja a 1949, sun riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya, aka tara rarar da yawa a Landan. Bayan samun mulkin kai a 1960 gwamnatocinmu suka gaji wannan tsari, ba a rushe shi ba sai 1986.

'Yan'uwa, ga abin da nake so mu tafi da shi. Ba a raba mutum da ƙasarsa rana ɗaya. Ana farawa ne da raba shi da ikon faɗin kuɗin kayansa, sa'an nan a hana shi zaɓen wanda zai sayar wa, daga nan sauran mai sauƙi ne. Kuma a Bengal da Ikko duka, baƙo bai shiga ba sai da ya sami ɗan gida da ya fi ƙin ɗan'uwansa a kan ƙin a mallake shi. Mu da muke zaune a Sabo ta Badun, da Agege, da Anaca, da Fatakwal, muna cuɗanya kullum da jikokin mutanen da kamfani ɗaya ya murƙushe tare da kakanninmu, tsakanin Akasa da Bida shekara biyu ce kawai. Idan saɓani ya taso a kasuwa ko a unguwa, mu tuna da wannan kafin mu ba mai zuga kunne. Mai shanu da mai goro da mai albasa kuma su tambayi kansu, wa ke yanke farashin abin da suka sha wahalar kawowa, kuma me zai hana su haɗa jari su sarrafa shi da kansu. Ƙasar da ta tsaya ga sayar da ɗanye tana sayen gyararre, ko gyada ce ko ɗanyen mai, tana nan a kan sikelin wani.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a cikin nemanmu.